Rigar Hoto

Shafi na 19

Igiya kawai Auta ya shiga nema a shagon yayansa. Zif ɗin jakarsa ne ya ɓalle tun da safe, saboda kayan sanyin da Umma ta dage sai an cusa su duka, har da suwaitar da ta saƙa masa da hannunta. Motar da dillalin da ya samo masa aiki a ƙasar waje zai turo ta kai shi filin jirgi kuwa tana iya tsayawa a ƙofar gida a kowane lokaci.

Shagon a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Yaya ba ya ciki. Sai tsofaffin firji a jere jikin bango, da fankokin da aka kwance wa fukafukai, da warin man inji.

Ya duba aljihun tebur, babu. Ya duba ƙusar da ake rataye wayoyi, babu. Daga ƙarshe ya ɗaga murfin matacciyar firizar da ke lungu, wadda Yaya ya mayar ma'ajiyar tarkace. A ƙarƙashin tsummoki da guntayen bututu, hannunsa ya taɓa wani abu mai laushi a cikin baƙar leda.

Rigar sanyi ce. Shuɗiya, mai kauri, da gashi a wuya.

Bai buƙaci a gaya masa ba. Ita ce a jikin Yaya a hoton da ke rataye a ɗakin Umma: Yaya a tsaye tsakanin kwalaye masu ƙanƙara, a ɗakin sanyi na kamfanin da ya yi wa aiki a waccan ƙasa, yana murmushi, tururi na fita daga bakinsa. Saboda wannan hoton Auta ya karanci gyaran na'urorin sanyaya har ya karɓi difloma. Saboda shi ne kuma yau zai bi sawun yayansa, zuwa kamfanin, zuwa ɗakin sanyin, kamar yadda dillali ya tabbatar masa. Kowa ya san ƙasar da mugun zafi, amma kamar yadda Umma kan faɗa wa maƙwabta, ina ruwan wanda zai wuni cikin ƙanƙara da rana?

Abin da ya fara zuwar masa haushi ne. Ashe rigar tana nan. Yaya na kallo Umma tana fama da saƙa da idanunta da suka fara rauni, bai taɓa cewa ga ta ba. Dama tun da maganar tafiyar ta taso yake kushe ta ba tare da dalili ba, har sai da Umma ta ce masa a gaban kowa, "Kai ka je ka dawo, shi ne ba ka son ƙanenka ya je? A ina ka koyo baƙin ciki?"

Sai dai Auta mutum ne da ba ya iya barin abu ya wuce. Shi ne mai kulle ƙofa ya dawo daga bakin titi ya sake taɓa kwaɗon. Da ya ware rigar a hasken taga, idonsa ya tsaya a kan abu biyu: ƙuna a aljihun hagu mai siffar bakin dutsen guga, da kan zif da ya karye aka ɗaura masa jar waya.

Ya taɓa ganin wannan ƙunar. Kuma ba a hoton Yaya kaɗai ba.

Ya ciro wayarsa. Maman Dogo, maƙwabciyarsu mai ɗinki, shi take ba hotunan ɗanta ya kai a wanko mata, don haka suna nan a wayar. Dogo ya bi Yaya waccan ƙasa, bai dawo ba har yau. Auta ya buɗe wani tsohon hoto, ya ja shi da yatsu biyu.

Ƙuna a aljihun hagu. Jar waya a zif. Hannun rigar bai ko kai wa Dogo wuyan hannu ba.

Ya nemo wani hoton da ya taɓa kaiwa a wanko, na ƙanen mai askin bakin layi, wani ɗan tsurut da shi ma yake can. Rigar ta haɗiye shi har gwiwa. Ƙunar tana nan. Wayar tana nan.

"Injiniya, sata muka koma ranar tafiya?"

Yaya ne a ƙofar tsakar gida. A hankali ya shigo, kamar yadda yake tafiya tun dawowarsa, ƙafafunsa sun cika silifas, hannun rigarsa a sauke har ƙasa duk da gumin da ake yi. Da ya ga abin da ke hannun ƙanensa, murmushin ya bar fuskarsa.

"Igiya nake nema," in ji Auta.

"Tana bayan ƙofa. Mayar da wannan inda ka ɗauko."

"Ta wane ne, Yaya?"

"Tawa ce."

"Ta Dogo fa?"

"Kamfani ɗaya, riga iri ɗaya. Sai an yi difloma ake gane wannan?"

"Har ƙunar ma kamfani ke yi wa kowa?"

Ya miƙa masa wayar. Yaya bai karɓa ba. Ya juya ya tura ƙofar tsakar gida har ta rufe, muryar Umma da ke ƙorafin zif ta koma can nesa. Sannan ya jawo kujerar aiki ya zauna da ƙyar.

"Tun kana yaro kake da wannan halin. A ba ka burodi, sai ka tsaya ƙirga ramukansa."

"Mota na hanya, Yaya. Ina roƙonka kada ka yi mini wasa."

Wani babur ya wuce a titi. Yaya ya ɗauki ɗan ƙaramin kofin da ba ya rabuwa da shi, ya jiƙa leɓɓansa kawai, ya ajiye.

"Sunanta rigar hoto."

"Ban gane ba."

"Ita kaɗai ce. Ta kowa ce, kuma ba ta kowa ba. Akwai wani tsoho mai gadin ɗakin sanyin, shi yake barin mu mu shiga ranar hutu, ɗaya bayan ɗaya. Ka saka, ka washe baki, a ɗauka, ka tuɓe ka ba na bayanka. Wasu ma ba hoton ke kai su ba, sanyin ne. Sai an janyo su ake samu su fito."

Auta ya mayar da wayar aljihu.

"To aikin fa?"

"Kai da ka karanta, idan an sanyaya ɗaki, ina zafinsa yake zuwa?"

"Waje."

"To mu ne wajen. Saman benaye. Mu ke ɗora injinan, mu ke wanke su, mu ke gyara su. Rana na dukanka daga sama, siminti na gasa ka daga ƙasa, injin kuma yana kwaso zafin ɗakunan mutane yana hura maka a fuska. Sifana ba ta taɓuwa sai ka naɗe ta da tsumma. Takalminka ya manne da kwalta, ka ɗaga ƙafa ka bar tafinsa a baya. Iskar ma jiƙaƙƙiya ce, kamar an tsoma bargo a tafasasshen ruwa an rufa maka a ka."

"Ai akwai ruwa. Mutum ya riƙa sha."

"Ruwan famfo can sai ka tara a bokiti ka jira ya huce kafin ka taɓa. Na sha kuwa yana ƙasa, kai kana sama, shugaban aiki yana tsakani."

Auta ya zauna a gefen firizar ba tare da ya san ya zauna ba. Rigar na kan cinyarsa.

"A ɗakinmu," Yaya ya ci gaba, idonsa a kan bango, "akwai wanda ya taɓa aiki a ƙasar da rana ke ɓacewa wata da watanni, hawaye ya daskare wa mutum a ido. Akwai wanda garinsu ruwa ke ci kowace shekara, riga ba ta bushewa sai ta yi funfuna a jikinka. Kullum cikin musu suke, wace ƙasa ce ta fi wuyar zama. Wannan ya ce tasa, wancan ya ce tasa, har a kusa dambe. Da lokacin zafin can ya shigo, musu ya mutu. Na ƙasar ƙanƙara ya kwanta a ƙasa kamar kifi, ya ce, 'Jama'a, a can idan sanyi ya dame ni sai in ƙara riga. A nan me zan cire bayan fata?'"

Ya ɗan yi dariya, gajeruwa, wadda ba ta kai ido ba. Auta bai taya shi ba.

"Amma ni daban ne, Yaya. Ina da takarda. Dillali ya ce masu takarda ciki ake sa su."

"Ni ma ya ce mini masu hannu ciki ake sa su. Shi kuma Dogo, ce masa ya yi masu tsawo ake nema, saboda jera kwali a sama. Ƙanen mai aski ban san me ya ce masa ba, wataƙila gajeru ake so. Da duk wanda aka yi wa alkawarin ɗakin sanyin nan zai shiga, sai ɗakin ya fi garin girma."

"Ko ma a ce haka ne, kai ai ka yi ka dawo lafiya."

Yaya ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsa da suka cika silifas.

"Na ajiye aikina," in ji Auta. "Na yi sallama da kowa a layin nan. Umma ta gaya wa duk wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Sai yau, sai da jakata ke tsakar gida, za ka ce mini hoton da na girma ina kallo aro ne?"

"Ban ce maka ba. Kai ka tono."

"Shi ne abin da nake tambaya. Me ya hana ka faɗa?"

"Na ce kada ka je."

"Ba ka ce don me ba. Ka bari Umma ta kira ka mai baƙin ciki. Ka bari ni ma na ɗauka haka ne. Ka san tun yaushe rabon da in gaishe ka da zuciya ɗaya?"

"Na sani. Ina ji a gaisuwar."

"To don me?"

Yaya ya daɗe yana kallon ƙofar tsakar gida. Sannan ya kai hannu ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa na hagu, ya naɗe shi a hankali har gwiwar hannu.

Auta ya miƙe tsaye.

Jijiyar hannun ta kumbura ta yi tudu-tudu kamar igiyar da aka ƙuƙƙulle a ƙarƙashin fata, kewaye da tabon allura, tsoho da sabo.

"Mene ne wannan?"

"Nan suke sa mini bututun. Ranakun da nake cewa na tafi sayo kayan gyara, ka taɓa ganin na dawo da ko ƙusa?"

"Asibiti kake zuwa."

"Wankin ƙoda. Duka biyun sun gaji. A can sai fitsarinka ya koma kamar shayin da ba madara, ka ce ba komai, kowa ma haka nasa yake. Wata rana gumi ya ɗauke maka tsaf a tsakiyar rana, ka yi murna ka ce ka saba. Ashe ba sabo ba ne. Jiki ne ya ƙare."

Sai a lokacin abubuwa suka fara haɗuwa a kan Auta: ƙaramin kofin, kumburin ƙafar, yadda Yaya ke ture kwano ya ce gishiri ya yi yawa har matarsa ta yi fushi. Shi da yake taƙama ba abin da ke wuce shi, wannan ya wuce shi a cikin gidansu.

"Umma ta sani?"

"Matata kaɗai. Ita ma na roƙe ta."

"Ai da ka nuna mini wannan tun farko, da magana ta ƙare."

"Da ta ƙare, na sani." Yaya ya sauke hannun rigar, ya ɓalla maɓallin. "Likitan ya ce wankin ba zai riƙe ni har abada ba. Ya ce abin da ya fi shi ne dashe, kuma an fi dacewa da ta ɗan'uwa na jini. Ya tambaye ni ko ina da ƙane."

Auta ya matso kusa da shi.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ba ni da shi."

"Yaya."

"Ka tsaya ka ji. In na buɗe hannun nan a tsakar gida, na ce Auta kada ka tafi, me za a ce? Me kai kanka za ka ce, ba yau ba, nan gaba, ranar da ka ga abokanka sun yi gini kai kana nan? Za ka ce Yaya ya tsare ni ne don abin da ke cikina. Gara a kira ni mai baƙin ciki. Wannan ina iya ɗauka."

"Sai ka bar ni in je in dawo kamar kai?"

"Na yi ta neman hanyar da zan hana ka ba tare da na nuna ba. Ban samu ba. Yanzu ma daga wajen dillali nake. Na roƙe shi ya ce an fasa. Ya yi mini dariya, ya ce in gaida Umma."

Auta ya dubi rigar da ke hannunsa. Nauyi gare ta, kuma wari na fita daga gashin wuyanta, warin gumin mutane da yawa.

"In ta kowa ce, me ya kawo ta nan?"

"Ɗauko ta na yi ranar da zan taho. Na ce ba za a ƙara kwantar wa wata uwa hankali da ita ba."

"Tun kafin daminar bara ke nan tana cikin firizar nan."

"Tun ranar da na sauka."

"Dogo fa? Shi ma a sama yake?"

Fuskar Yaya ta canza. Ba irin canjin ɗazu ba. Ya kawar da kai.

"Bar maganar Dogo."

"Mamansa ta ce ya daɗe bai kira ba, sai dai saƙon rubutu. Wai wayarsa ce ta lalace, ba a jin magana."

"Na ce ka bari. Kai dai ka yi tunanin kanka."

Hon ɗin mota ya karaɗe layin. Gajere, sannan dogo.

Su biyun suka dubi juna.

"Auta!" Muryar Umma ce daga tsakar gida. "Ga su nan sun iso. Ina igiyar? Ko saƙa ta ka tsaya yi?"

Kafin ɗayansu ya motsa, ƙofar ta buɗe. Auta ya yi maza ya mayar da rigar bayansa, ya jingina da firizar. Umma ta shigo tana jan jakar da bakinta a buɗe, hannun suwaitar na lilo a waje. A bayanta Maman Dogo ce, tef ɗin awo a wuyanta, zare a jikin zanenta, ƙulli a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Kai kuma ka rufe yaro a shago kana ƙara hure masa kunne ko?" Umma ta ce wa Yaya ba tare da ta dube shi ba. "To Allah ya fi ka. Ba ni igiya."

Yaya ya tashi daga kujerar. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ciro igiyar, ya riƙe, bai ba ta ba.

"Ɗana, ga ɗan saƙo," in ji Maman Dogo, ta matso kusa da Auta, fuskarta cike da fara'a. "Safa ce da hula na ɗinka masa, masu kauri. Hannu da hannu za ka ba shi, ka ji? Ka ce masa ko wayar wani ce ya ara, muryarsa nake son ji. Rubutu ba ya cika ciki."

"To, Mama."

"Kuma ka ga ikon Allah. Na yi ta yi masa naci, na ce tunda ƙanenka na zuwa ka turo hoto ya gane ka, kada ka yi ƙiba ya wuce ka a hanya. Sai ga shi da safen nan. Ya ce yanzun nan aka ɗauke shi, kafin ya fara aiki. Duba min, idona ba ya gani sosai. Ya rame ne?"

Ta kai wayar gaban fuskarsa.

Dogo ne, a tsaye tsakanin kwalaye masu ƙanƙara, yana murmushi. Shuɗiyar riga mai gashi a wuya. Hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ƙuna a aljihun hagu, jar waya a zif.

Rigar da ke dunƙule a bayan Auta. Rigar da ke kwance cikin firizar nan tun kafin daminar bara. Ba yadda za a yi hoton ya zama na safiyar yau. Tsoho ne aka turo mata, kuma wanda ya turo ya san tsoho ne. Wataƙila ma ba Dogo ba ne ke rubuto saƙonnin nan.

Ya ɗaga ido ya dubi Yaya. Yaya ya rufe nasa idon, ya girgiza kai kaɗan, alamar roƙo.

Motar ta sake yin hon. Direban ya leƙo ta ƙofar titi, makulli na kaɗawa a yatsansa.

"Wane ne mai tafiya? Akwai wasu a gaba, ba zan kwana a nan ba."

"Ga shi nan," in ji Umma. "Auta, kama bakin jakar in ɗaure."

Auta bai kama ba. Duk rayuwarsa bai taɓa yanke magana ba sai ya juya ta ya sake juyawa, amma wannan da kanta ta fito, a hankali, kalma bayan kalma.

"Malam direba, ka yi haƙuri, ka wuce. Babu mai tafiya a gidan nan."

Jakar ta suɓuce daga hannun Umma, kayan sanyi suka zube a kan simintin shagon.

"Me ka ce?"

Auta ya buɗe baki, sai idonsa ya kai ga maƙwabciyarsu. Maman Dogo ba shi take kallo ba, ba kuma Umma ba. Ƙasa take kallo, gefen ƙafarsa, inda shuɗin hannun riga ya zamo daga bayansa yana jan ƙasa. Fara'ar ta bar fuskarta a hankali. Ta dubi wayar. Ta sake duban ƙasa.

Ta sunkuya ta kama hannun rigar, ta ja. Rigar ta biyo ta gaba ɗaya, jar wayar na lilo.

Ta shafa ƙunar da babban yatsanta, irin shafar mai ɗinki da ta san yadi. Sannan ta juya ga Yaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"In rigar tana nan, ɗana yana ina?"